Yadda Ake Yanke wa Tsofaffin Sulalla Farashi Kafin a Kai Su Gwanjon Intanet

A gidaje da yawa na unguwannin Birni da Zongo a Zinder, idan aka buɗe adakar wata tsohuwa ko aka kwance ƙunshin da ya daɗe a ƙasan kwalla, akan tarar da kuɗin da ba sa sayen komai a Kasuwar Dole yau: anini da kwabo masu huji da fatake suka shigo da su daga Kano, tamma da tamma biyu na sanholo masu kan barewa, wani lokaci kuma a dace da dalar azurfa ta Faransa ko liyari. Tun da wayar hannu ta kawo kasuwar duniya cikin ɗaki, duk wanda ya tsinci irin wannan ƙunshi yakan shiga intanet, ya ga wani ya sa wa irin ƙwandalarsa farashin da zai sayi babur, daga nan barci ya ƙaurace masa. Gwanjo ba ya ƙirƙirar daraja. Abin da yake yi shi ne ya tara masu tayi wuri ɗaya, don haka wanda bai san darajar kayansa tun daga gida ba, ko dai ya sallama a faɗuwa, ko ya yi ta cewa albarka har masu saye su watse.

Tun farko, idan kayan na mamaci ne, to gado ne, kuma sai magada sun yarda kafin a ɗauki hoton ko anini ɗaya.

Aikin farko shi ne sanin sunan abin da ke hannunka. Ka tanadi sikelin maƙera mai auna giram har da ɗigonsa, da abin auna faɗi, da ƙaramin mayen ƙarfe, da gilashin ƙara girma, sannan ka rubuta a takarda ƙasar da ta buga ƙwandalar, da shekara, da adadin kuɗin da ke jikinta, da nauyi, da faɗi, da kowane ƙaramin harafi da ke maƙale kusa da shekara ko a ƙasan zane. Waɗannan ƙananan haruffa alamar gidan buga kuɗi ce, kuma sau da yawa su ne suke raba mai tsada da mai araha. A dalar azurfa ta Faransa, harafin A yana nufin Paris, K kuma Bordo. A kwabban Afirka ta Yamma ta Ingila, H da KN alamun wasu masana'antu biyu ne na Birmingham. Da waɗannan bayanai a hannu sai ka buɗe shafin Numista, wanda ake dubawa kyauta cikin Faransanci ko Ingilishi, ka nemi irin ƙwandalarka, ka ga nauyin da ya kamata ta yi da yawan da aka buga a kowace shekara. Idan nauyin taka ya yi nisa da wanda aka rubuta, ko kuma mayen ƙarfe ya kama abin da ake cewa azurfa ne, to ka dakata a nan, domin azurfa ba ta bin mayen ƙarfe.

Liyari ya cancanci a tsaya a kansa, saboda babu ƙwandalar da ta fi shi yaudarar mutanenmu. Shi ne mai hoton sarauniyar Ostiriya, Mariya Teresa, a fuska ɗaya, da gaggafa mai kai biyu a ɗaya fuskar, kuma shekarar da ke jikinsa 1780 ce. Mai shi yakan lissafa ya ce kayansa ya haura shekara 240. Gaskiyar magana ita ce 1780 shekarar rasuwar sarauniyar ce, kuma da yake ƴan kasuwar Larabawa da Habasha da na ayarin Sahara ba sa yarda da wani zubi sai wannan, aka ci gaba da buga shi da wannan shekara ba canji, a Viyena, daga baya har a Rum da Landan da Paris da Bombay. An buga fiye da miliyan 300, kuma gidan buga kuɗi na Ostiriya bai daina ba har yau. Saboda haka yawancin liyarin da ke Damagaram kuɗinsa kuɗin azurfarsa ne da ɗan ƙari kaɗan. Akwai tsofaffin zubi da masana ke bambancewa ta ƙananan alamomi, su kam suna da nasu farashin, amma kada ka ɗauka naka yana cikinsu sai wanda ya san aikin ya duba ya tabbatar. Liyari na gaske yana da nauyin giram 28 da ɗan ɗori, kuma akwai rubutu mai tudu a kewayen bakinsa. Na jabu da aka zuba a kasko yawanci bakinsa ne ke tona masa asiri, domin rubutun kan fito a dagule ko a ga layin haɗi.

Daga nan sai lissafin ƙarfe, wanda shi ne ƙasan farashi ga duk ƙwandalar azurfa ko zinariya. Liyari kashi 833 cikin 1,000 nasa azurfa ne, wato akwai kimanin giram 23.4 na tsantsar azurfa a ciki. Dalar Faransa ta tamma biyar, wadda sunanta ya zauna a bakinmu har muke ƙirga sefa da dala, nauyinta giram 25 ne, kashi 900 cikin 1,000, wato giram 22.5 na azurfa. Farashin azurfa na duniya ana faɗinsa ne a kan awo ɗaya mai giram 31.1, kuma yana motsi kullum, don haka ranar da za ka sa kaya ka duba shi, ka raba da 31.1, ka ninka da giram ɗin da ke cikin ƙwandalarka. Don sauƙin misali, a ce giram ɗaya ya kama jika ɗaya, wato sefa 1,000: dalar tana ɗauke da azurfar jika 22 da rabi ke nan. Duk tayin da bai kai kusa da wannan ba bayan an cire kuɗin hidima, gara ka kai ta wurin maƙerin azurfa a gari, ya auna a gabanka, ya biya ka hannu da hannu. A kan zinariya da azurfa akwai hukuncin musaya da malamai suka yi bayani, musamman batun karɓa da bayarwa a zama ɗaya, kuma ya kamata wanda zai riƙa wannan sana'a ya zauna da malaminsa ya ji yadda zai tsara cinikin nesa.

Sulallan da ba na azurfa ba, ƙarancinsu da kyawunsu kaɗai ke ba su kuɗi. Kwabo da anini na 1936 masu sunan Edward na Takwas misali ne mai kyau. Sarkin ya hau gadon Ingila a Janairu ya sauka a Disamba na wannan shekara, kuma a Ingila kanta kuɗi mai sunansa bai shiga hannun jama'a ba, sai mutane suke zaton na Afirka ta Yamma ma abin nema ne ruwa a jallo. An buga su da yawa ƙwarai, kuma wanda ya sha hannu kuɗinsa kaɗan ne. Haka tamma da tamma biyu na 1948 masu kan barewa, da dala da dala biyu da dala biyar na 1956, duk suna ko'ina. Abin da ya kamata ido ya nema a kuɗin yankin sefa shi ne kalmar ESSAI da ƙananan haruffa, wadda ke nuna bugun gwaji ne na Paris da aka yi kaɗan, sai kuma sulallan tunawa na azurfa da zinariya masu hoton Diori Hamani, waɗanda aka buga don masu tarawa, ba su taɓa yawo a kasuwa ba. Akwai kuma ƙwandalolin shaida, waɗanda Faransawa ke kira jeton: ba hukuma ce ta buga su a matsayin kuɗin ƙasa ba, wani kamfani ne ko ƙungiya ta yi su don tarho ko kanti ko maye gurbin canji. Na majalisun ƴan kasuwa na Dakar da Rufisque da Kayes na 1920, da aka yi lokacin da canji ya yi wuya bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, suna da masu nema. Su kuwa masu rubutun Bon pour 1 franc na Faransa, na shekarun 1920, tuli ne. Ƙwandalar shaida da ba ka samu irinta a ko'ina ba, kada ka yi gaggawar yanke mata farashi; ka rubuta duk haruffan da ke jikinta yadda suke, ka faɗi garin da aka same ta, ka bar masu tayi su nuna maka.

Yanzu batun da ya fi cin mutane hasara, wato wanki. Gwaggona da ke Birni ta taɓa aiko mini in je in karɓi wasu daloli uku da ta gada. Na same ta a tsakar gida da kwanon toka da ɓarin lemon tsami, ta riga ta gama da biyu, suna ƙyalli a kan faifai, ta ukun tana hannunta.

Ta ce, "Ungo, ɗan nan, na wanke maka su tas, kada Nasara su gani su ce mu ƙazamai ne."

Na ce, "Gwaggo, don Allah ki ajiye wannan ɗayar haka nan, da dauɗarta suke so."

Ta dube ni kamar wanda ya zautu, amma ta ajiye. Da na sa biyun a ƙarƙashin gilashi, fuskokinsu sun cika da siraran zane kamar an ja tsintsiya a kan rairayi, kuma wannan zane ba ya gyaruwa har abada. Biyun sun tafi a kuɗin azurfarsu, ta ukun mai duhu-duhu ita ce ta jawo masu tayi. Duhun da shekaru suka shafa wa ƙarfe shaida ce cewa ba a taɓa fuskarsa ba, kuma masu tarawa suna biyan kuɗi a kansa. Kada ka goge da toka, ko tsamiya, ko omo, ko man goge ƙarfe, ko bakin riga ma. Ka riƙe ƙwandala ta bakinta, ka sa kowace a ƴar ambulan ɗinta ta takarda, ka nisanta ta da leda mai laushi, wadda a zafin bazara takan bar wa ƙarfe wani kore-kore mai danƙo. Wadda aka huda don a rataya, ko maƙeri ya liƙa mata kunne aka yi abin wuya da ita, ta fita daga sahun masu tarawa. Ka sayar da ita a matsayin kayan ado ko azurfa, kuma ka faɗi haka ƙarara.

Masu saye na Faransa da Beljiyam suna auna kyawun ƙwandala da matakai shida: B ga wadda ta side, sai TB, sai TTB ga wadda zanenta ya fito sosai duk da ta yi yawo, sai SUP, sai SPL, sai FDC ga wadda take kamar yau ta fito daga injin. Amurkawa suna amfani da ma'auni daga 1 zuwa 70, kuma kamfanoni irin su PCGS da NGC suna duba ƙwandala su rufe ta a gidan roba da lambarta, sai dai kuɗin wannan hidima da na kai da kawowa daga Nijar ya fi ƙarfin duk abin da ba mai tsada sosai ba. Abin da ya fito daga ƙunshin tsohuwa da wuya ya wuce TB ko TTB. Idan kana kokwanto tsakanin mataki biyu, ka zaɓi na ƙasa. Mai saye da ya samu abin da ya fi yadda aka faɗa masa zai dawo, wanda kuwa ya ga an zuzuta zai nemi a mayar masa da kuɗinsa, ya kuma bar maka mummunar shaida a shafinka.

Sai yanzu za ka tambayi kasuwa, kuma tambayar ita ce nawa aka biya. Farashin da wani ya liƙa wa kayansa buri ne kawai, yana iya shekara a wurin babu wanda ya taya. A eBay akwai zaɓin nuna kayan da aka riga aka sayar, kuma gidajen gwanjo irin su CGB na Paris suna barin sakamakon tsofaffin cinikinsu a buɗe. Ka nemi ciniki biyar zuwa goma na ƴan watannin nan, na ƙasa ɗaya da shekara ɗaya da harafi ɗaya da kyawu ɗaya da taka, ka watsar da mafi tsada da mafi araha, ka dubi inda sauran suka taru. Daga wannan adadi sai ka yi lissafi da baya. A ce irin taka tana tashi yuro 30, wato sefa 19,679 a kan tsayayyen canji na 655.957. A ce shafin ya cire la'adarsa kashi 13 cikin ɗari, an tura maka kuɗi an yanki yuro 2, ka kashe yuro 1 a kan ambulan da kwali. Abin da zai shigo aljihunka wajen jika 15 ne. Kowane shafi yana da nasa tsarin la'ada kuma yana sauya shi, wasu har a kan kuɗin aikawa suke cira, don haka ka karanta ƙa'idarsa ta ranar. Wannan lissafi ne zai nuna maka cewa ƙwandalar yuro 3 ba ta cancanci tafiya ita kaɗai ba. Irin waɗannan sai a haɗa su kashi-kashi masu ma'ana, kamar anini da kwabo na sarki ɗaya, ko jerin shekarun dala biyar ta BCEAO, babban bankin sefa, a sayar a dunƙule.

Kafin ka ɓata lokaci a kan hoto, ka tabbatar da hanyar da kuɗi zai iso Zinder. eBay kasuwa ce ta kowa da kowa, Delcampe na Beljiyam na masu tara kayan tarihi ne kuma masu jin Faransanci sun yi yawa a cikinsa, Catawiki na Holan kuma sai masanansa sun duba kaya sun amince kafin ya shiga gwanjo. Ba kowanne ne yake karɓar mai sayarwa da adireshin Nijar ba, ba kowace hanyar biya ce kuma take sauke kuɗi a asusun bankin nan ba. Shi ya sa wasu suke wakilta ɗan'uwa da ke zaune a Turai ya zama dillalinsu. Idan haka za ka yi, ku yanke la'adarsa a rubuce tun farko, kayan kuma su isa hannunsa kafin a buɗe gwanjo, domin rubuta cewa kaya yana Liyon alhali yana Sabon Gari ƙarya ce da ke jawo rufe asusu.

Hoto ka ɗauke shi da hantsi a inuwar zaure, a kan baƙin ƙyalle marar ƙyalli, ba tare da walƙiyar waya ba, bayan ka goge ƙurar da ke idon kyamara, musamman a lokacin hunturu. Fuska biyu, da baki, da hoto ɗaya a kan sikeli ana ganin nauyin, da wani na kusa a kan duk wani tabo ko lotsawa. Sunan kaya ya ƙunshi ƙasa, adadi, shekara, harafi da ƙarfe, cikin harshen masu sayen. Kalmomin kambamawa ba sa ƙara ko tamma.

Wajen farashin buɗewa ra'ayi ya rabu. Masu dogon suna a shafi sukan buɗe da yuro 1 don su tara jama'a, kuma yana yi musu aiki saboda ɗaruruwan mutane suna bibiyar kayansu. Sabon shiga ba shi da wannan taro, kuma idan mutum ɗaya ne ya taya, a yuro 1 ɗin zai ɗauka, dole kuma ka ba shi. Ni a ganina, sabon mai sayarwa ya buɗe a mafi ƙarancin abin da zai iya sallamawa ba tare da ciwon rai ba, kayan azurfa kuma kada su buɗe ƙasa da kuɗin ƙarfensu. Kwana bakwai ya isa, kuma a saita rufewar ta faɗo da daren Lahadi a agogon masu saye. Faransa agogonmu ɗaya da ita a lokacin sanyinsu, tana gabanmu da awa ɗaya daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba. Kada hankalinka ya tashi idan kwana shida suka wuce shiru, domin gogaggun masu tayi sai a daƙiƙun ƙarshe suke fitowa. Abin da ba ya halatta shi ne ka sa ƙaninka ko abokinka ya riƙa tayi don ya tunzura farashi alhali ba saye zai yi ba. Wannan shi ne najashi da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana, shafukan ma suna korar wanda suka kama.

Gwanjon cikin gida, a zaurukan WhatsApp da Facebook da ke haɗa Zinder da Maraɗi da Yamai da Kano, ya fi sauƙi ga kaya masu araha, tunda ana biya ta Nita ko Amana ko Airtel Money, kaya kuma ya bi mota. Sai dai ka rubuta ƙa'ida a saƙon farko: lokacin rufewa da minti, mafi ƙarancin abin da ake ƙarawa a kan tayi, wa'adin biya, da wanda zai ɗauki kuɗin mota. Ka rubuta farashi da lamba da sunan kuɗin, domin "ɗari biyar" a bakin Badamagare sefa 2,500 ne, a kunnen Bakano kuwa naira 500. Duk wanda ya biyo ka ta bayan fage ya taya ƙwandalarka miliyoyi, sannan ya ce ka fara tura kuɗin rajista ko na gwaji ko na duwan, ɗan damfara ne. Hoton rasit ma ba kuɗi ba ne. Sai ka ga saƙo a wayarka ko ka karɓa a hannu kafin kaya ya bar gida.

Game da fitar da kaya waje, Nijar tana da dokar kare kayan tarihi, mai lamba 97-022 ta 30 ga Yuni 1997. Sulallan da suka yi yawo a kasuwa a ƙarni na 20 daban suke da abin da aka tono a kufai ko tsohuwar makabarta. Na biyun kada ka saye shi, kada ka sayar, na farkon ma idan tsoho ne sosai ko mai daraja, ka je ofishin kula da al'adu na jiha ka tambaya ko yana buƙatar takardar izini. Ƙa'idojin gidan waya na duniya ba su yarda a sa sulalla ko azurfa a wasiƙar da ba ta da rajista ba, don haka ka tambayi gidan waya ko kamfanin aikawa irin hidimar da ke karɓarsu, mai lambar bin sawu da inshora, ka san kuɗinta kafin ka rubuta kuɗin aikawa a shafi. Na taɓa yin kasadar tura anini shida ba lambar bin sawu don in rage wa mai saye tsada. Ya ce bai gani ba, ba ni da hujja, na mayar da kuɗi na kuma rasa kayan. Wajen ɗauri, ka sa ƙwandala a ambulan ɗinta, ka matse ta tsakanin kwali biyu, ka naɗe da salatif ta yadda ko an girgiza ba za a ji motsi ba, ka cika takardar duwan da gaskiyar abin da ke ciki da kuɗinsa, ka ɗauki hoton ƙunshin tare da rasit, sannan ka tura wa mai saye lambar bin sawu a ranar.